Darasi na 9: Mai ba da shawara tsakanin mai gini da banki

A Tasawa da Mayahi, yawancin shaguna da mangazun da ke bakin kasuwa ba da kuɗin banki aka tayar da su ba. Ɗan kasuwa ya sayar da wake bana ya buga bulo, baɗi ya sayar da raguna ya sayi kwano da katako, shekara ta zagayo ƙanensa da ke Agadas ko Libiya ya aiko da kuɗin ƙofofi. Gini yakan shekara huɗu ko biyar kafin ɗan haya na farko ya shiga. Mai ginin yana barcinsa lafiya tunda ba mai bin sa ko dala, amma duk tsawon shekarun nan kuɗinsa na kwance cikin bango, damina kuma na cin katangar da ba ta da rufi.

Shi ya sa wasu ke nufar banki. Da yawansu sukan dawo hannu rabbana, alhali dukiyarsu ta ninka abin da suka je nema. Dosiye ne ke kayar da su: takardar fili ba ta cika ba, ba rubutaccen lissafin abin da ginin zai riƙa kawowa, ba wanda ya zauna ya auna ko hayar za ta ɗauki bashin. Mutumin da ya iya haɗa wannan dosiye, ya kuma iya duban mai gini ya gaya masa gaskiya idan lissafi bai fita ba, shi ne mai ba da shawarar da darasin nan yake magana a kai. Za mu fara da aikin kansa, daga baya mu duba ƙofofin shigarsa da karatun da yake bukata, domin sai an san nauyin kaya ake sanin gammon da za a naɗa.

Ginin da ke biyan bashin kansa

Gidan kwana daban, ginin kasuwanci daban a idon banki. Ma'aikacin da ya ci bashi ya gina gidan da zai zauna, daga albashinsa ake cira kowane wata, kuma don irin wannan bukata aka buɗe bankin gidaje na Nijar, wato BHN, a ƙarshen 2018. Shago, mangaza, masaukin baƙi, gidan mai, ko ofishin da za a ba wata ƙungiya haya, waɗannan ana sa ran su da kansu za su biya kuɗin da aka gina su da shi. Saboda haka ma'aikacin banki, ko a Sonibank yake ko a BAGRI ko BIA, tambaya biyu ce a ransa. In abu ya lalace, me zan riƙe? In bai lalace ba, daga ina za a biya ni ƙarshen wata? Amsar ta farko tana cikin takardar fili, ta biyu tana cikin lissafin haya.

Takardar fili

Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin ƙasashen su riƙa aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya. Dokarta ta jingina, da aka sabunta a 2010, ta ce fili ko ginin da aka yi wa rajista shi ake jinginar wa banki cikakkiyar jingina. Rajistar nan ita ce takardar da za ku ga an rubuta titre foncier a samanta. A garuruwanmu kaɗan ne ke da ita.

Abin da ke hannun mutane hawa-hawa ne. Akwai wanda shedarsa mai gari ne da dattawan da suka ga ranar da aka sayi wurin. Akwai mai takardar hukumar filaye ta COFO, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, kuma tana da rassa tun daga ƙauye zuwa gunduma har jiha: ita ke ba da takardar shedar mallaka ta gargajiya, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina irin tamu. Akwai mai acte de cession, takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa idan an yanka filaye a cikin gari. Sannan a can sama akwai titre foncier. A 2006 gwamnati ta fito da sassauƙan nau'inta mai suna Sheda, don a rage tsada da daɗewa. Asusun ba da lamuni, har ma wasu bankuna, sukan karɓi acte de cession su ajiye idan kuɗin ba su da yawa, amma bashin miliyoyi na shekara biyar ko bakwai da wuya ya fita a kanta ita kaɗai.

Ga yadda aikin yake idan an zo kusa. An miƙo maka takarda cikin leda, ta yi laushi don ninki. Fara da sunan da ke kai. Sau da yawa za ka tarar ba sunan mai ginin ba ne, sunan wanda ya sayar wa wanda ya sayar masa ne, domin ba a taɓa zuwa an juya sunan ba. Duba lambar rukunin filaye da lambar filin, ka je ofishin magajin gari a buɗe maka kundi ka ga ko lambar nan ba ta fita sau biyu ba. Ka je wurin da ƙafarka ka nemi turakun siminti huɗu na iyaka, ka ga ko katangar ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba. Sai tambaya mafi nauyin faɗi: Alhaji, wurin nan saye ne ko gado? In gado ne, an raba? Magada nawa ne, mata nawa a ciki, akwai marayun da ba su balaga ba? Filin da ba a raba ba, ɗan'uwa ɗaya ba shi da ikon jinginar da shi don shi ne babba. Sai an je kotun Tasawa ko ta Mayahi an fitar da takardar magada, kowa ya yarda a rubuce. Masu gini ba sa son wannan tambaya, wasu har su ji an ci musu fuska. Gara a ji haushinka yau da a ce bayan shekara biyu wata ƙanwa ta taso daga gidan aurenta a Urafan ta tsayar da komai, kuma da gaskiyarta.

Daga nan aiki ya fita hannunka. Awon fili na ma'aunin filaye ne mai rajista, rubuta yarjejeniyar jingina na notar ne, shigar da ita kundi na ofishin filaye ne. Naka shi ne sanin wa za a fara gani, nawa kowane zai ci, da wata nawa za a jira, ka gaya wa mai gini tun kafin ya yi wa magina alkawari.

Lissafin haya

Alkaluman da ke tafe na koyo ne, kowa ya sauya su da na garinsu. A baki muna ƙirga da dala da jika, a takarda kuwa da faran ake rubutawa: in an ce maka jika ashirin ka rubuta 20,000, in an ce dala ɗari biyar ka rubuta 2,500.

Wani alhaji yana da fili kusa da tashar mota a Tasawa, yana so ya gina shaguna 10. Yana sa ran kowane zai kawo 20,000 a wata. Shi a ransa lissafin ya ƙare: 200,000 a wata, 2,400,000 a shekara. Yana neman bashin miliyan 8, sauran zai cika daga aljihunsa.

Abu na farko, a rage abin da ba zai shigo ba. Shago yakan zauna wata biyu ba kowa, ɗan haya yakan gudu da bashin wata uku, akwai kuma ɗan ƙanwar alhajin da za a ba shago ɗaya wanda kowa ya san ba zai biya ba. A cire kashi 15 cikin 100, wato 360,000, saura 2,040,000. Sai a cire abin da ginin ke ci: mai gadi, gyaran kwano da ƙofofi, haraji, yashe magudana. A ce 440,000. Abin da ya rage tsab shi ne 1,600,000 a shekara. Wannan adadi shi ne zuciyar dosiye, sauran duk a kansa ake ɗora su.

Yanzu a dubi bashin. In banki ya ba da miliyan 8 a kan ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara, za a biya cikin shekara 5, kowane wata zai karɓi kimanin 178,000. A shekara ya kama 2,135,000 da ɗoriya, ban da kuɗin dosiye da inshora da haraji. Ginin na kawo 1,600,000, banki na jiran 2,135,000. Kowace shekara sai alhajin ya ciro sama da rabin miliyan daga jarin hatsinsa ya cike giɓi.

Zai ce maka: «Haba malam, ai ginin in ya ƙare ya fi miliyan goma sha biyar, takwas kawai nake nema.» Kuma bai yi ƙarya ba. Idan masu sayen gine-gine a garin suna son kuɗinsu ya riƙa kawo musu kashi 10 cikin 100, ginin da ke ba da 1,600,000 darajarsa miliyan 16 ce, bashin rabinta ne kacal. Ta fuskar jingina dosiyen ya yi kyau. Sai ka amsa masa da ladabi: «Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma ƙarshen wata ba bulo banki yake karɓa ba.» Banki ma ba ya ɗokin ƙwace gini. Shari'ar sayar da jingina doguwa ce, kuma a gari kamar Mayahi, inda kowa ya san kowa, wa zai fito a bainar jama'a ya sayi shagon maƙwabcinsa da aka yi gwanjo?

To, nawa ginin zai iya ɗauka? Masu ba da bashi suna son abin da gini ke kawowa ya ɗara biyan bashi da ɗan rata, a ce da rubu'i. A raba 1,600,000 da 1.25, a samu 1,280,000 a shekara, kimanin 106,700 a wata. Da wannan biya, bashin shekara 5 ba zai wuce miliyan 4 da dubu 800 ba. In banki ya yarda da shekara 7, zai kai wajen miliyan 6. Miliyan 8 kuwa, ko a shekara 7, biyanta na shekara ya kusa 1,695,000, har yanzu ya fi ƙarfin ginin.

Wani zai ce a je asusu mana, su ba sa yawan tambaya. A farkon 2014 aka ƙayyade wa bankunan yankin UEMOA iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100, asusai kuma kashi 24, kuma bashin asusu gajere ne. Miliyan 8 a kashi 24 cikin shekara 2 ya kama kusan 423,000 a wata, alhali ginin na kawo 133,000. Kuɗin asusu na jujjuya kaya ne, a saya a sayar a biya. Wanda ya zuba su a harsashi ya ɗauko wa kansa rigima.

Aikinka bai tsaya a cewa a'a ba. A gina biyar na bakin titi tukuna, hayarsu ta taimaka wa biyar na baya. A nemi ɗan haya mai ƙarfi tun kafin a fara, kamar kamfanin aika kuɗi ko kantin magani, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku, domin takarda ɗaya irin wannan ta fi alkawarin baka goma nauyi a gaban banki. In alhajin na da wata hanyar samu, a nuna ta a rubuce, wanda ke nufin ya fara shigar da cinikinsa ta asusun banki wata shida ko shekara kafin ya nemi bashi. Ka kuma sanar da shi abin da masu gini da yawa ba su sani ba: a dokar OHADA, ɗan kasuwar da ya shekara biyu yana sana'a a shagon haya bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, mai ginin da ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba sai ya biya diyya.

Mangaza da iyaka

Mangaza lissafinta ya bambanta, domin ita da kaka take tafiya. A Mayahi, Kanambakashe ko Maijirgi, ana cika ta da gero da wake da riɗi daga Oktoba zuwa Disamba, ta fara komawa wayam kafin damina. Wanda ya ninka kuɗin watan Nuwamba sau goma sha biyu ya yaudari kansa. A nan biyan bashi ya kamata ya bi lokacin sayarwa, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma wannan abu ne da ake roƙo a rubuta tun farko. Tsarin jinginar hatsi da ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, inda ƙungiyar manoma ke kulle amfaninta da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusu, ya ƙara wa mangaza mai kyau daraja: mai daɓen siminti, mai iska, wadda ba ta yoyo. Kasuwar sarin hatsi da aka gina a Tasawa ƙarƙashin shirin PASADEM ita ma ta nuna cewa inda manyan motoci ke lodi, nan wurin ajiya ke tsada.

Sai maganar iyaka. Cinikin yankin nan da Katsina da Daura da Kano yake numfashi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har farkon 2024, ga naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, bankuna kuma suka ƙanƙame hannu. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar, tsawon bashi guda. Dosiyen da bai nuna yadda za a biya ba idan haya ta ragu da kashi ɗaya cikin uku na tsawon shekara, bai cika ba. Manya ma haka ke kayar da su. Rikicin kuɗi na 2008 a Amurka ya taso ne daga bashin gidaje da aka bayar bisa zaton farashi ba zai taɓa sauka ba, kamfanin gine-ginen Evergrande na Sin kuma kotun Hong Kong ce ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024.

Da yawa daga masu dukiyar garuruwanmu ba sa kusantar bashin ruwa ko kaɗan, kuma ba aikinka ba ne ka yi musu gardama. Ka san abin da za ka nuna musu. A Bankin Musulunci na Nijar, da sassan da wasu bankuna suka buɗe bayan babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin wannan fanni a 2018, akwai murabaha, inda banki ke sayen siminti da ƙarfe ya sayar wa mai gini da sananniyar riba, da ijara, inda banki ke mallakar abu ya ba da shi haya. Hukuncin kowace yarjejeniya na malamai ne. Lissafin kuwa bai canza ba: akwai adadin da za a biya kowane wata, kuma dole haya ta ɗauke shi.

Daga ina ake shigowa

A Yamai ko Abijan, matashi kan shiga ofishin masu binciken lissafi, ya yi shekaru yana duba littattafan kamfanoni, ya koma banki sashen ba da bashi, daga can ya buɗe ofishinsa. A nan ba wannan tsani. Mutane kan shigo ne daga gefe, kowa da rabin sana'ar a hannu.

Tsohon ma'aikacin asusu ya fi kowa kusa. Ya san yadda ake karanta mutum, ya san wanda zai biya da wanda zai ɓuya, ya iya teburin biyan bashi. Abin da bai saba da shi ba shi ne dogon zango: idonsa ya saba da wata shida, ba shekara bakwai ba, kuma dokar fili sai ya koye ta daga tushe. Sakataren COFO ko ma'aikacin sashen filaye na magajin gari akasin haka yake, ya san tarihin kowane kango a gari amma bai taɓa auna bashi ba. Malamin alhaji, wanda ya shekara goma yana rubuta buhu nawa ya shiga nawa ya fita, yana da abin da ba a koyarwa a aji, wato amanar ƴan kasuwa da sanin ainihin kuɗin haya a kowane layi. Shi matsalarsa Faransancin takarda da tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Akwai ma'aikacin furoje da kwangilarsa ta ƙare, gwanin rubuta rahoto, sai dai ya saba da kuɗin da ba a mayarwa, kuma wannan sabo ne mai wuyar bari. Akwai matan da suka daɗe suna riƙe littafin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a jihar Maraɗi a 1991. Ana raina su a wannan fage, alhali mata masu gina shago da ɗakunan haya sun fi sakin jiki da mace ƴar'uwarsu a kan maganar gado da dukiya.

Dillali fa? Yana da amfani ƙwarai, amma la'adarsa na fita ne in ciniki ya faɗa. Wanda ke son zama mai ba da shawara sai ya rabu da wannan ɗabi'a. In ladanka ya rataya a kan fitar bashi, ranar da lissafi ya ƙi fita hannunka zai yi ƙaiƙayin gyara alkalami. Ka yanka kuɗin nazari daban, a biya ka ko amsar ta zama a'a. Kada kuɗin gini su kwana a hannunka. Kuma ka sani, wanda ya mai da haɗa mutane da banki sana'a yana karɓar lada, ƙa'idar BCEAO ta 2010 ta ce sai ya nemi izini, don haka ka tsaya a nazari da haɗa takardu har ka samu wannan izini.

Kada a yi gaggawar ajiye aiki. Dosiyen gini a garuruwanmu ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa masu dorewa ke haɗawa da riƙe wa ƴan kasuwa lissafi, karɓar haya a madadin masu ginin da ke zaune a Yamai ko ƙetare, da rubuta wa ƙungiyoyin manoma takardun neman tallafi. Ma'aikacin gwamnati ya tuna doka ta taƙaita masa yin sana'ar kansa yana kan aiki, hanyar da ta dace ita ce ya nemi dakatar da aiki na ɗan lokaci bisa ƙa'ida. Wanda ya baro banki ko asusu ya bar sirrin mutane a can. In ka tashi buɗe ofis, ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM ka karɓi lambar haraji ta NIF ta hanyar ofishin ƴan kasuwa a Maraɗi, domin ba bankin da zai ɗauki rahoton mutumin da ba shi da adireshi.

Wace takarda, don wane aiki

Lissafin da muka yi a sama mai birbe ma zai iya shi in ya samu mai nuna masa. Amfanin takardar makaranta a wannan sana'a shi ne ta faɗi abin da aka yarda ka sa wa hannu.

Matakin farko shi ne lissafin kuɗi: CAP ko BEP, ko bak ta fannin G2, sannan BTS ko DUT na shekara biyu. Da wannan za ka riƙe littafi, ka haɗa dosiye, ka samu aiki a asusu. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta yi suna a fannin shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana koyar da aikin gine-gine a cibiyarta ta fasaha, kuma kada a raina wannan hanya: wanda ya iya karanta ƙiyasin magini ya gane an ninka buhunan siminti, ya riga ya ceci mai gini kafin a je banki. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da fannin tsara ƙasa da birane. Sashen ba da bashi a banki yawanci lisansi ko masta yake nema, daga Jami'ar Abdou Moumouni ko makamanciyarta, ma'aikatan banki kuma sukan ƙara da kwas ɗin ITB suna kan aiki.

Akwai ayyukan da doka ta killace. Tabbatar da lissafin kamfani na ƙwararren akanta ne da ke cikin ƙungiyar ONECCA, kuma hanyar zuwa can a yankin UEMOA doguwa ce: jarrabawar DESCOGEF, shekara uku na koyon aiki, sannan DECOFI. Makarantar CESAG ta Dakar na cikin masu shirya ɗalibai. Awon fili, zanen gini da aikin notar kowanne da ƙungiyarsa. Mai ba da shawarar da ya buga hatimi a inda ba nasa ba ya jefa kansa da mai ginin cikin matsala.

Matasa sukan tambayi takardun duniya, irin su CFA ta Amurka mai matakai uku ko ta ƙungiyar RICS ta Ingila. Suna da daraja ga mai nufin aiki a bankin BOAD na Lome ko wani babban kamfani a Abijan ko Legas. Da Turancin Ingilishi ake yin su, da tsada kuma, kuma ba ɗayansu da zai koya maka bambancin takardar COFO da acte de cession. Ga wanda zai zauna tsakanin Tasawa da Maraɗi, kuɗin sun fi amfani in ya sayi kwamfuta, ya ƙware a Excel har ya iya fitar da teburin biyan bashi a gaban mai gini, ya karanta dokokin OHADA na jingina da na hayar kasuwanci, ya kuma nemi wata shida a ofishin notar ko na akanta a Maraɗi ko da ba albashi. Wanda abokan cinikinsa ke da gini a Katsina ko Kano ya san can wata doka ce, ta 1978, wadda ta sa filaye a hannun gwamna, kuma takardar da banki ke nema ita ce C of O.

Aiki

1. A misalin shagunan Tasawa, a ɗauka hayar kowane shago 25,000 ce, abin da ba ya shigowa yana nan a kashi 15 cikin 100, abin da ginin ke ci kuma 440,000. Nawa ya rage tsab a shekara? Zai ɗauki bashin miliyan 8 na shekara 5? Na shekara 7 fa, in ana son ratar rubu'i?

2. Wata hajiya ta zo da acte de cession mai sunan mijinta da ya rasu, tana da ƴaƴa huɗu, kishiyarta na da uku. Ku biyu-biyu, ɗaya ya zama hajiyar, ɗaya mai ba da shawara, ku gwada yadda za a yi mata bayanin matakan da ke gabanta.

3. Kowa ya rubuta wanne rabi na sana'ar nan yake da shi, wanne ya rasa, da wurin da zai iya koyonsa cikin shekara guda.

4. Ranar kasuwa mai zuwa, ku zaɓi layin shaguna ɗaya. Ku ƙirga nawa ne a buɗe, nawa a rufe, ku tambayi ƴan haya uku abin da suke biya da ko akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu da mai ginin. Ku zo da alkaluman aji, ba tare da sunan kowa ba.